Anti Huay da Takardar Watan Bakwai

Shekara ashirin da shida ƙofar Seah Gek Huay tana kallon tawa a hawa na tara, a unguwar Ang Mo Kio. Duk benen Anti Huay ake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ni kuma Malama take ce mini, don lissafi na koyar a sakandare har na yi ritaya, kuma duk wasiƙar hukuma da ta zo mata ni take kawo wa. Tana iya karatu daidai gwargwado, amma ta ce Turancin hukuma kifi ne mai ƙaya, gara wani ya tsince mata.

A Punggol aka haife ta, lokacin wurin duk gonakin aladu ne, ita ce ta biyar cikin tara. Tana da shekara goma sha shida ta shiga masana'antar haɗa kayan rediyo. Ranar albashin farko ta ga an yanke wani abu, ta je wurin shugabar layinsu da hawaye, wai an yi mata sata. Matar ta tuntsire da dariya.

"Ke 'yar ƙauye, ajiya ce gwamnati ke yi miki. Ranar da kika cika hamsin da biyar za su miƙo miki abinki gaba ɗaya, ki sayi sarƙar zinariya har gwiwa."

Ta riƙe wannan maganar da gaske. Daga baya aka ce a'a, sai an bar wani kaso a asusun, a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan daga shekara sittin. Aka mai da shi sittin da biyu, aka mai da shi sittin da biyar. Kason da za a bari kuma kullum ƙaruwa yake yi. Daga ƙarshe aka ce kuɗin zai koma fansho na wata-wata har mutuwa, kowa ya zaɓi tsarin da yake so. Ni ban taɓa ganin laifin dokar ba. Mutanenmu sun daina mutuwa da wuri, kuma wanda ya tsara asusu don shekara saba'in dole ya sake lissafi idan ana kai casa'in. Na taɓa yi mata wannan bayanin, ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Malama, ni dai abin da na sani, bas ce a tsaye a tasha. Duk lokacin da na iso da gudu sai ta ja gaba."

Ta auri Quek Tiong Seng, mai walda a wurin gyaran jiragen ruwa. Ɗa ɗaya suka haifa, Boon Kiat. Yana da wata goma zazzaɓi ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Yau shekararsa talatin da takwas, ƙato ne mai furfura a gefen kunne, hankalinsa kuwa na ɗan shekara bakwai. Ya san lambar kowace bas da ke bi ta unguwarmu da inda take tsayawa. Bai san canji ba, kuma ba a barinsa da wuta. Yana da shekara tara ubansa ya faɗo daga kan katakon aiki ya mutu. Da masana'anta ta koma wata ƙasa, Anti Huay ta koma kwashe kwanuka a kasuwar abinci da ke ƙasan benenmu. Shekara ashirin ke nan tana tura keken kwanuka tsakanin tebura, Boon Kiat na zaune kusa da mai ruwan rake yana ƙirga bas. Gwiwoyinta sun daɗe da gajiya. Abin da take jira kawai ta cika sittin da biyar.

Wata Asabar da hantsi ta buga mini ƙofa da ambulan a hannu. Ranar ce farkon watan bakwai na kalandar su Anti Huay, watan da suke cewa ana buɗe wa matattu ƙofa su zo cin abinci. Tun safe hayaƙin takardun da ake ƙona musu yake hawowa daga gangunan ƙarfe na ƙasa, na rufe tagogina.

"Malama, karanta mini. Wata mai zuwa zan fara karɓa. Na gama da kwanukan mutane."

Na sa tabarau na karanta, na sake karantawa.

"Anti Huay, wa ya zaɓa miki wannan tsarin?"

"Ni mana. Mai ruwan rake ce ta buɗe mini a waya. Lamba uku suka fito, ta ce danna mai yawa, wane wawa ne ke zaɓen kaɗan?"

Na ce ta zauna. Na ɗauko takarda na zana mata layi biyu. Tsarin da ta danna zai ba ta kusan dala ɗari bakwai da tamanin kowane wata har ranta ya yi halinsa, amma abin da zai rage wa magaji yana narkewa da sauri, kuma a lissafina idan ta wuce tamanin da ɗaya babu ko sisi. Ɗayan tsarin ya gaza wannan da kamar dala saba'in a wata, amma ragowar tana jimawa, har kusan casa'in akwai abin da za a bar wa Boon Kiat. Na uku, wanda yake farawa ƙasa yana hawa, bai shafe ta ba.

Ta daɗe tana kallon layukan. Mahaifiyarta ta kai casa'in da huɗu, yayarta tana tamanin tana hawa matakala da kanta.

"Wato idan na daɗe, nasa nake ci."

"A wannan tsarin, e. Amma ba a makara ba. Ga shi nan a ƙasa, kina da kwana talatin daga ranar da aka rubuta wasiƙar ki canza. Shekaranjiya aka rubuta ta. Litinin mu je ofishin asusu tare, mu canza, mu kuma cika takardar magaji yadda za a riƙa ba shi wata-wata, kada wani ya karɓe a dunƙule."

Ta naɗe wasiƙar ta mayar cikin ambulan.

"Sai watan takwas."

"Watan takwas an rufe. Kwana talatin ɗin za su cika saura kwana biyu watanku ya fita."

"To su jira ni kwana biyu. Ni na jira su shekara goma."

"Ba sa jira, Anti."

"Ni ma ba na sa hannu a takardar mutuwata ƙofa a buɗe. Ke Musulma ce, naku matattun suna zaune inda aka ajiye su. Namu suna ƙasa yanzu haka suna cin lemo."

Na san ba a tarewa a sabon gida a watan, ba a aure, ba a shiga teku. Abin da ban sani ba, duk da shekarun nan, shi ne labarin Tiong Seng. A ranar ta faɗa mini, tana tsaye a bakin ƙofa ta juya mini baya. A watan bakwai aka kawo musu takardar magaji a wurin aiki. Ta ce masa ya bari wata ya fita. Ya yi mata dariya, ya ce fatalwa ba ta iya Turanci ba, ya sa hannu a kan teburin cin abinci da biron Boon Kiat. Kwana goma sha ɗaya tsakani ya faɗo.

"Shi ya tafi ya bar ni da yaron," in ji ta. "Idan ni na tafi, wa zan bar wa?"

Ni tsoron shekara tamanin da ɗaya nake ji mata, ita tsoron kwana goma sha ɗaya, kuma duka saboda mutum ɗaya ne.

Na gwada ta hanyoyi da dama a makonnin da suka biyo baya. Na ce ba sai ta riƙe biro ba, a waya ma ana yi, danna yatsa ne kawai. Ta ce, "Yatsan na wa ne? Na maƙwabta?" Na ce in danna mata. Ta ce ai sunanta ne zai shiga, kuma suna suke saurare. Na kira layin tambaya na ofishin, wata yarinya mai ladabi ta tabbatar mini da ranar, ta ce za a iya rubuta roƙo daga baya amma ba za ta yi mini alkawarin komai ba. Na je har wurin tsohon da ke kula da ɗakin ibadarsu na bayan kasuwa, na cire takalmi na yi masa bayani. Ya ce shi a ganinsa takardar hukuma ba ta cikin abin da ake gudu, ya ba ni wata 'yar takarda ruwan ɗorawa, irin layarsu, in kai mata ta sa a aljihu. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Wannan tsohon haka ya ce wa Tiong Seng."

A tsakiyar watan, da la'asar, na same su a ƙasan bene. An kafa dandamalin mawaƙa a filin ajiye motoci, ana jera jajayen kujeru, layin gaba an ɗaura masa igiya don na baƙin da ba a gani ne. Boon Kiat na zaune a kan siminti yana naɗe takardun ƙonawa su zama kamar dunƙulen zinariya. Ya fi kowa iyawa a benen, tsofaffi har kawo masa nasu suke yi. Ya cika buhu biyu.

"Anti Malama, na Baba ne. Baba ya yi kuɗi yanzu."

"Ubanka ya fi mu fansho," in ji uwarsa. "Shi ba a ɗaga masa shekaru."

Mai ruwan rake ta leƙo daga rumfarta. "Huay, har yanzu Malama na binki da takarda? Ki ci kuɗinki, tsohuwa. Gwamnati za ta riƙe yaron, akwai gidajen irinsu."

"Rufe mana baki, mai matse kara. Ke kika jefa ni."

"Ni na ce ki haifi ɗa ɗaya?"

Suka yi dariya su biyu, irin ta mutanen da suka shekara ashirin suna zagin juna. Boon Kiat ya taya su bai san dalili ba. Daga nan ya ɗago kai ya ce, "Anti Malama, in naɗa wa Yaya Suriani?"

Suriani 'yata ce, Yaya yake ce mata ko da ya girme ta. Shekara huɗu ke nan da rasuwarta, tana da ashirin da tara, ciwon jini, wata bakwai daga ranar da aka gano zuwa ranar da muka kai ta makwancinta. Ita ke raka Boon Kiat yawon bas ranar Lahadi tun tana sakandare. Na ce masa na gode, mu addu'a muke yi mata. Ya ce to, ya ci gaba da naɗi.

Lokacin da nawa zaɓin ya zo, na zauna da takarda da biro kamar yadda na yi wa Anti Huay, na zaɓi mai biya kaɗan don ragowar ta yi yawa, na rubuta sunan Suriani. Lissafin daidai ne. Abu ɗaya kawai na ɗauka tabbas ne, cewa ni zan riga ta. Har wannan lokacin sunanta ne a takardar. Na faɗa wa Anti Huay haka a kan bencin ƙasan bene, ba don in motsa mata zuciya ba. Ina so ta gane cewa ba a watan bakwai na sa hannu ba, kuma hakan bai tsare kowa ba.

Ta kama hannuna ta riƙe. Tafinta kamar bawon itace.

"To kin gani, Malama. Ke da digiri kika yi daidai, aka ɗauke miki. Ni da na san abin da ya ci mijina, in je in taɓa shi da hannuna?"

Ranar ƙarshe Juma'a ce. Na yi shiri tun ƙarfe takwas, na sa wasiƙar da katinta a jaka, don ta bar su a wurina. Na buga ƙofa. Boon Kiat ya buɗe, ya ce bas mai lamba kaza ce ke zuwa ofishin, tasha shida. Ta fito da rigar fita, ta taje kai, har da ɗan kunne. Muka sauka, muka bi ta gefen gangunan. Daren jiya an yi ƙone-ƙone da yawa, toka ta rufe ciyawa, ga lemo da ƙananan kofunan shayi jere a bakin hanya, ga sandunan turare da suka cinye. Tana tafe tana kallon ƙasa don kada ta taka abincin wani.

Muna tsaye a tasha iska ta taso daga wajen gangunan. Wani guntun takarda, rabinsa a ƙone, gefensa na zinariya, ya yi ta juyi ya zo ya sauka a kafaɗar Boon Kiat. Ya ɗauka yana murna.

"Mama, nawa ne. Ni na naɗa. Baba ya dawo da shi."

Bas ta iso, ƙofa ta buɗe. Anti Huay ta karɓe guntun daga hannunsa, ta ajiye a gindin bishiya, ta sunkuya sau uku tana magana ƙasa-ƙasa da harshensu. Direba ya dube mu, na roƙe shi da hannu, ya jira iya abin da zai iya, ya rufe ƙofa.

"Anti Huay, wata bas na zuwa bayan minti tara."

"Bakwai," in ji Boon Kiat.

Ta riƙe hannun ɗanta ta juya. Na bi su har lif ina magana, ban tuna abin da na ce ba. A hawa na tara ta shiga, ta ja ƙofar ƙarfe, ta dube ni ta tsakanin sandunan.

"Yau ba ni ya taɓa ba, Malama. Shi ya taɓa."

Na zauna a falona da wayarta a raina har aka rufe ofis. Na san lambobin sirrinta, ni na tsara mata su. Zan iya canza mata tsarin da kaina, ban yi ba.

Da watan takwas ya kama muka je. Aka karɓe mu da mutunci, muka cika takardar magaji, ni da mai ruwan rake muka zama shaidu. Muka rubuta roƙon canjin tsari, amsa ta zo bayan mako uku, a taƙaice, cikin ladabi, cewa ba zai yiwu ba. Kuɗin farko ya shigo, ɗari bakwai da tamanin. Ba ta bar aiki ba. Ta sayi abin ɗaure gwiwa ta koma tura kekenta, fanshon kuma ba ta taɓa shi, wai na Boon Kiat ne. Na yi mata lissafi cewa idan ta iya ajiye ko da saba'in ɗin nan kowane wata, asarar ba za ta yi muni ba. Ta ce, "Har yaushe gwiwar za ta yarda?" Ta san amsar, ni ma na sani. Ranar da ta zauna, fanshon ne abincinsu su biyu.

Sai ta fara tambayata wani abu, kusan kowane mako. Idan ta tafi a saba'in, nawa zai rage masa? A saba'in da biyar fa? Da farko ina amsawa, don tambayar lissafi ce kuma ni ba na ƙin amsa irinta. Na daina ranar da na shiga kicin ɗinta aron tafarnuwa na ga akwatin maganinta a kan firiji. Irin mai gida bakwai ne, na hawan jini, ni nake cika mata shi duk Lahadi. Ranar Alhamis ce, gidajen bakwai a cike.

"Mantuwa ce," in ji ta.

"Kwana huɗu?"

"Tsufa, Malama. Ba ke kika ce muna daɗewa da yawa ba?"

Washegari na tafi ofishin ba tare da ita ba, da shaidu biyu daga masallacinmu, bayan na tambayi limaminmu ya ce kyauta ce, ta halatta. Mijina ya daɗe da rasuwa, ƙanena a Johor ya fi ni wadata. Na cire sunan Suriani. Da yamma na kai wa Anti Huay kwafin, na nuna mata inda aka rubuta Quek Boon Kiat, na ce nawa tsarin mai jimawa ne, ko ta kai ɗari akwai abin da zai samu. Sharaɗina ɗaya, ta sha maganinta.

Ta karanta sunan da yatsa, harafi-harafi. Sannan ta dube ni sama da ƙasa, kamar mai tayin kaza a kasuwa.

"Shekarunki nawa ma?"

"Sittin da tara."

"Ba kya cin mai, ba kya cin sukari, kullum kina zagaya fili da safe kamar soja. Ke ma casa'in za ki kai, muguwa. Ki cinye naki, in cinye nawa."

"To sai mu ga wadda za ta riga."

Ta yi dariya har ta share ido da gefen riga. Ta ɗauko akwatin, ta buɗe gidan Juma'a, ta haɗiye ƙwayar a gabana da ragowar shayi mai sanyi, ta buɗe baki ta nuna mini kamar yarinya.

Wata biyar ke nan. Duk Lahadi ina cika akwatin, duk safiya ina leƙawa kafin ta sauka kasuwa, kuma kullum gidan ranar babu komai a ciki. Ba kullum nake ganin ta sha ba. Ramin zubar da shara yana nan cikin kicin ɗinta, ƙarƙashin taga, taku biyu daga firiji. Shekaranjiya na tambayi Boon Kiat ko Mama tana shan magani. Ya ce e, tana sha. Na ce da ruwa ko da shayi? Ya yi tunani sosai, har ya haɗe gira, sannan ya ce mini an canza wa bas ɗin asibiti hanya, yanzu ba ta tsayawa a ƙofar benenmu.